Plasma ɗina yana ƙas-ƙas ya mutu, zan iya gyara shi a gida?

Baban Yara:
Salamu alaikum jama'a. Ina da talabijin plasma inci 50, ya haura shekara goma sha biyu a hannuna, bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai bana. Da jinkiri abin ya fara. In na danna rimot sai in ji ƙas, ƙas, ƙas daga bayansa kamar sau huɗu ko biyar kafin hoto ya fito, har muka saba da hakan wajen wata biyu. Makon jiya muna cikin kallo na ji wata 'yar ƙara, tas, hoto ya ɗauke. Tun daga ranar in an kunna sai ya yi ƙas, 'yar jar fitilar nan ta ƙifta, ya sake ƙas ya mutu. Ba hoto, ba murya. Ina da mita da ƙarfen narka dalma, ina ɗan taɓa gyaran rediyo da fitilun caji, amma ban taɓa buɗe talabijin ba. Abin da zan iya ne, ko in haƙura?

Sarkin Sauri:
Wa alaikumussalam. Gas ɗinsa ne ya ƙare, shekara goma sha biyu ai ba wasa ba. Ka nemi inda za a ɗura masa kawai.

Mai Shakka:
Ka ɗauki tocila ka haska fuskarsa a duhu bayan ka kunna. In ka hango hoto dishi-dishi, to fitilun baya ne suka mutu. Haka nawa ya yi.

Tsohon Mai Gyara:
Wa alaikumussalam. Malam Baban Yara, kafin komai ka duba takardar da ke manne a bayansa ka tabbatar plasma ne na gaske, don mutane da yawa duk talabijin da suka gani shafal sai su ce plasma. Na Samsung lambarsu kan fara da PS ko PN, na Panasonic za ka ga TX-P ko TC-P ko TH, na LG kuwa harafin P ne ke bin lambar inci, kamar 42P ko 50P. Ban da wannan, plasma nauyi gare shi, fuskarsa gilashi ne mai tauri, in ya yi awa ɗaya yana aiki za ka ji ɗumi in ka kai hannu kusa.

Sarkin Sauri, ɗana, ba a ɗura wa plasma gas. Iskar niyon da zinon da ke ciki tun a masana'anta aka rufe ta ruf tsakanin gilasai biyu, ba ƙonewa take kamar ta girki ba. Ranar da ta fita kuwa gilashin ne ya tsage, kuma ranar an gama da talabijin ɗin. Duk wanda ya ce maka zai ɗura, aljihunka yake so ya zazzage.

Mai Shakka kuma, naka LED ne ko LCD. Su ne ke da fitila a baya. Plasma ba shi da ita, kowane ɗigo a fuskarsa da kansa yake ba da haske, don haka ko ka kwana kana haska tocila ba abin da za ka gani.

Baban Yara:
Na duba Baba, plasma ne. Mu biyu muka sauke shi daga bango, sai da muka yi nishi.

Mai Shakka:
To na karɓi gyara. Ashe shekara da shekaru ina kiran nawa da sunan da ba nasa ba.

Ɗalibin Lantarki:
Baba ya yi gaskiya. In ƙara ɗan bayani don masu bibiya: kowane ɗigo ɗakuna uku ne ƙanana, ja da kore da shuɗi. In aka ba gas ɗin wuta mai ƙarfi sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ke bugun hodar da aka shafa a ɗakin ta haska launinta. Shi ya sa yake buƙatar bolt mai yawa a ciki, kusan 200, ba kamar LED ba. A Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro fasahar a 1964, Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson.

Sarkin Sauri:
Ɗalibi, mutum talabijin ɗinsa ya mutu kai kana ba shi tarihi.

Tsohon Mai Gyara:
Ƙyale shi, wannan 200 ɗin da ya ambata ita ce maganar da zan fara da ita. Malam, ka karanta wannan sau biyu kafin ka ɗauki sukuddireba.

Cire filogi daga soket bai isa ba. A bod ɗin wuta, wato allon da ke raba wuta a cikin talabijin, akwai babbar kafasita mai ajiye wuta, wani lokaci biyu, za ka ga an rubuta 450V a jikinta. Idan talabijin na aiki tana riƙe da wajen bolt 390 zuwa 400, kuma bayan ka cire filogi takan ci gaba da riƙe wuta, musamman a talabijin mai matsala, wanda ya mutu bai sauke kayansa ba. Kafasitocin da ke kan manyan bod biyu na dama da hagu su ma suna riƙe wajen 200. Kowace a cikinsu ta isa ta yi maka illa, ba wai ta ɗan ja ka ba.

Ka cire filogi, ka ba shi kamar minti talatin. Ka sa mita a DC, a ma'auni mafi girma, ka auna ƙafafun babbar kafasitar. In da sauran wuta ka sauke ta da rizista mai kilo-om kaɗan kuma mai jure wat biyar ko fiye, ka riƙe ta da filaya mai roba, sannan ka sake aunawa. Kada ka haɗa ƙafafun da bakin sukuddireba kamar yadda wasu ke yi don burga. Tartsatsin yana cinye layin tagullar bod, yana lalata kafasitar, yana kuma iya fallatsa maka a ido. Ka cire zobe da agogo. In za ka auna abu wuta na ciki, ka maƙale baƙar wayar mita a jikin ƙarfen talabijin, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a bayanka. Kada ka yi shi kai kaɗai a gida, kuma yara su yi nesa.

In ka ji gabanka na faɗuwa da wannan bayanin, ba abin kunya ba ne ka kai wa mai sana'a. In kuwa za ka ci gaba, ka bar shi tsaye a kan ƙafarsa in tana nan, ko ka kifa shi a kan bargo a shimfiɗaɗɗen tebur da ya fi shi faɗi. Ka ɗauki hoto kafin ka zare kowace waya. Ka buɗe ka turo mu gani.

Baban Yara:
Na buɗe. Sukurori sun fi talatin, na jera su a faifai yadda na ciro su. Na auna babbar kafasitar bayan minti arba'in, sai ga bolt 112 a kanta. Wallahi da ban karanta saƙonka ba da hannu zan kai. Na sauke ta. Ga hotuna nan. A bod ɗin tsakiya na sama na ga ƙananan kafasita uku kansu ya kumbura, ɗaya ma ta yi wani tsatsa-tsatsa a ka. An rubuta 1000uF 10V a biyu, 2200uF 10V a ɗaya.

Sarkin Sauri:
Shi ke nan an kama ɓarawo. Canja su ka rufe, yau da dare kana kallo.

Tsohon Mai Gyara:
Canjawa dole ne, amma ban ce an kama ɓarawo ba tukuna. Waɗannan ukun su ne suka jawo jinkirin nan na wata biyu. Kafasita in ta bushe ba ta tace wuta da kyau, sai ƙaramin layin da ke ciyar da ƙwaƙwalwar talabijin ya riƙa rawa, rile, ɗan makunnin da ke yin ƙas ɗin nan, ya kama ya saki, ya kama ya saki, har ta ɗan yi ɗumi ta yarda. Wannan shi ne ƙas-ƙas ɗin farko. Amma ƙarar tas da ka ji hoto ya ɗauke lokaci guda, wannan ba halin kafasita mai bushewa ba ne. Ita a hankali take mutuwa, ba ta yin tas.

Ka canja dai. Lambar uF ta zama daidai da ta tsohuwar. Bolt kuwa daidai ko sama, 16V a madadin 10V ba laifi in za ta shiga wurin, amma kada ka sauka ƙasa. Ka nemi mai 105°C, irin wadda ake sa wa bod ɗin wuta, ba mai 85 ba. Ka lura da farin layin da ke gefenta, shi ne ƙafar negatif, in ka juya ta za ta fashe. Dalmar waɗannan bod ɗin tana da taurin narkewa, don tun daga 2006 da dokar Tarayyar Turai ta hana sa gubar dalma a kayan lantarki masana'antu suka koma wa wani haɗi mai son zafi sosai. Ka ɗan ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar, za ta narke da sauƙi. Kada ka fizgi ƙafa da ƙarfi.

Ka duba fiyus ma. In ya mutu kada ka naɗa masa waya.

Baban Yara:
Fiyus lafiya lau. Na canja ukun, na mayar, na kunna. Jiya i yau. Ƙas, ƙifta, ƙas, shiru. Gaskiya jikina ya yi sanyi.

Uwargida:
Malam, ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Namu plasma ɗin da ya mutu muka sayi LED, sai ga ɗaki ya huce, kuɗin wuta ya ragu. Waccan na'urar kamar murhu take a falo. Shekara goma sha biyu ai ya biya kuɗinsa, ka sallame shi.

Ɗalibin Lantarki:
Hajiya, a maganar wuta kina da gaskiya, ba musu. Tsohon plasma mai wannan girma yana iya jan wat ɗari biyu zuwa uku ko fiye in hoton mai haske ne, LED mai girmansa ba ya kaiwa rabin haka. Amma wanda ya saba da hoton plasma yana shan wuya kafin ya yarda da LED mai araha. Baƙinsa baƙi ne, ba toka-toka ba, in kin zauna a gefe launi ba ya kodewa, in ana ƙwallo kuma hoto ba ya jan jela. Kuma yanzu ba a yin su. Pioneer tun 2009 ta sanar da fita daga harkar talabijin, Panasonic ta daina a farkon 2014, Samsung da LG suka bi a ƙarshen shekarar. Wanda ya rage a hannun mutane shi ke nan.

Uwargida:
To ai ka taya ni magana ne ba ka sani ba. Abin da aka daina yi fiye da shekara goma, ina za a samo kayan gyaransa? Yau ka gyara wannan, gobe wancan ya tashi.

Mai Shakka:
Ni ina bayan Hajiya. An gudu ba a tsira ba kenan.

Tsohon Mai Gyara:
Tambayarki mai kyau ce Hajiya, kuma ni ma akwai plasma da yawa da nake ce wa masu su su haƙura. Amma ba a yanke wannan hukunci kafin a san abin da ya mutu. In gilashin ne, magana ta ƙare. In bod ne, sai a kwatanta kuɗinsa da na sabon talabijin, mai abu ya zaɓa. Yanzu dai aunawa kyauta ce.

Malam, kalli bayan talabijin ɗin kamar yadda ka ɗauko hoto. Na tsakiya da ka taɓa shi ne bod ɗin wuta. Babban da ke hagu mai manyan ƙarafan sanyaya, wanda wasu dogayen bod sirara biyu suka jingina da shi a gefe, shi ake kira Y-sus, wasu kamfanoni su rubuta Y-main, Panasonic kuma SC. Siraran nan su ne bafa, ta sama da ta ƙasa, su ke raba wuta ga layukan da suka kwanta a fuskar. Na dama ƙanensa ne, X-sus ko Z-sus, a Panasonic SS. Waɗannan biyun su ke jifan juna da wuta sau dubbai a daƙiƙa don ɗigogin su ci gaba da haske, su ne kuma suka fi mutuwa. Ƙaramin da ke tsakiya ƙasa mai faffaɗan kebul shi ke ba su umarni. Waɗanda ke jere a can ƙasa su ke kula da layukan tsaye.

A jikin ƙarfen gilashin akwai wata 'yar takarda da aka rubuta Vs da Va, wato bolt ɗin da ya kamata bod ɗin wuta ya ba manyan bod biyun nan (Vs) da na can ƙasa (Va), da wasu lambobi. Karanto min. Sannan, filogi a cire, wuta a sauke, ka zare wayar da ta taso daga bod ɗin wuta zuwa Y-sus. Ka sa mita a om, ka auna tsakanin ƙafar Vs ta kan Y-sus da jikin ƙarfe. Ka yi haka a na dama shi ma.

Baban Yara:
Takardar ta ce Vs 205, Va 58. A na dama mita ta fara ƙasa tana ta hawa har ta wuce dubbai. A na hagu kuwa ta tsaya a 1.8, ko motsi ba ta yi.

Tsohon Mai Gyara:
Yauwa. Hawan da ka gani a na dama kafasita ce ke cika, lafiya kenan. Na hagu ya yi shot. Bod ɗin wuta yana tura 205, ya tarar an haɗe hanya da ƙasa, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Wannan ne ƙas na biyu da kake ji. Ka bar wayar Y-sus a zare, ka nisanta bakinta da ƙarfe, ka kunna. A talabijin da yawa zai tsaya a kunne har ka ji murya, ko da yake wasu, musamman na Panasonic, sukan ƙi tashi in sun ga an zare bod, su kama ƙifta fitila. In naka ya tsaya, auna Vs da Va a bod ɗin wuta.

Gargaɗi ɗaya: bayan wannan gwajin kada ka mayar da wayar nan take. Ba abin da ke shan Vs yanzu, don haka za ta daɗe a cike. Ka auna, ka sauke, sannan ka soka.

Baban Yara:
Allahu akbar, ya tsaya! Murya na fita tar, yara har sun rugo. Vs 204, Va 58.

Sarkin Sauri:
To me ake jira? Nemo Y-sus ka ɗora. Wannan karon dai ba za a ce na yi kuskure ba.

Mai Tsautsayi:
Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta taɓa min tsohon miki. Abin da Sarkin Sauri ya faɗa shi na yi shekara uku da suka wuce. Na samo Y-sus, na ɗora, na kunna, hoto bai ko gama fitowa ba na ji tas da ƙaurin hayaƙi. Na ce wanda ya sayar min ne ya cuce ni, har muka yi cacar baki. Na sake sayen wani a wani wurin, shi ma daƙiƙa biyu ya yi. Sai daga baya aka nuna min ashe bafar ƙasa ce ta yi shot, ita ke cinye su ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina jin kunyar mutumin farko, don ba laifinsa.

Sarkin Sauri:
To ai wannan tsautsayinka ne, sunanka ma ya nuna.

Tsohon Mai Gyara:
Ba tsautsayi ba ne, haka abin yake. Y-sus da bafa tare suke aiki, wutar ɗaya ta cikin ɗaya take bi. In taransistocin Y-sus suka yi shot sukan watsa wa bafa wutar da ta fi ƙarfinta, in kuma IC ɗin bafa, wato baƙar ƙwayar lantarkin nan mai ƙafafu da yawa, shi ne ya fara mutuwa sai ya ja Y-sus ya tafi da shi. Ko wanne ya fara, in ka canja ɗaya ka bar ɗayan da ciwo, sabon zai bi tsohon. Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu gyaran plasma kenan, har da waɗanda suka daɗe a sana'a.

Malam, ciro bafofin biyu. Faffaɗan kebul ɗin ruwan lemo da suka shiga cikinsu daga gilashi, waɗannan ka bi su kamar ƙwai. Ɗaya ƙarshensu a jikin gilashin aka manne shi, in ka yaga ɗaya ba mai mayar maka da shi a gida. Ka ɗaga 'yar murfin soket ɗin da farce, ka zare a miƙe. Sai ka kai bafar gaban haske, ka duba baƙaƙen IC ɗin nan masu murabba'i da aka zagaye da roba, ɗaya bayan ɗaya. Kana neman ɗan huji kamar na allura, ko tsagewa, ko inda robar ta yi baƙi. Amma ido kaɗai ba ya isa. Ka sa mita a alamar dayod, waya ɗaya a faffaɗan layin tagullar da sukurori ke haɗa shi da Y-sus, ɗayar kuma ka ja ta a hankali a kan ƙafafun soket ɗin kebul, sannan ka juya wayoyin ka sake. A ɓangare ɗaya duk ƙafafun su ba ka lamba kusan iri ɗaya, a ɗayan kuma mita ta yi shiru. Inda ta yi ƙara ko ta faɗo kusa da sifili, nan ne.

Mai Shakka:
Baba, tambaya. Ashe ba za a ce kafasitocin nan uku ne suka kashe Y-sus ɗin ba? Da ya gyara tun ranar da ya fara ƙas-ƙas, da bai kai nan ba?

Tsohon Mai Gyara:
Kunnawa da kashewa sau biyar a kowane tashi, wata biyu, ba alheri ba ne ga taransistar da ta tsufa cikin zafi. Amma na ga Y-sus da yawa da suka mutu alhali bod ɗin wuta garau yake. Zafi, ƙura, busasshiyar dalma, sukurun da ya saki, duk suna yi. Ba zan ɗora wa Malam laifin da ba zan iya nuna shi da mita ba.

Baban Yara:
Na gode da wannan sassaucin Baba, don uwar yara ta riga ta ɗora min. Bafar ƙasa lafiya, duk ƙafafun suna ba ni tsakanin 0.6 da 0.7. Ta sama kuwa IC na biyu yana da ɗan huji, sai da na sa gilashin karatu na gan shi, kuma ƙafafu kamar goma a jere mita ƙara take. Mai Tsautsayi, Allah ya saka maka da alheri, ka tsamo ni daga rijiya.

Ɗalibin Lantarki:
Baba, ba zai iya canja taransistocin Y-sus ɗin kawai ba? Ai IGBT ne ko MOSFET, ana samunsu.

Tsohon Mai Gyara:
Ana yi, ni ma ina yi. Amma ba su kaɗai suke mutuwa ba. Sukan tafi da ƙananan rizista da dayod da IC ɗin da ke tuƙa su, in ka manta guda ɗaya sai sababbin su sake tashi. Ga jabu sun cika kasuwa. IC ɗin bafa kuwa ƙafafunsa sun kai ɗari, sirara kamar gashi, ƙarƙashin roba, sai da injin iska mai zafi da hannun da ya saba. Wanda wannan ne talabijin ɗinsa na farko, ya canja bod gaba ɗaya.

Malam, lambar da ke kan farar takardar jikin bod ɗin za ka bi, ba lambar talabijin ba. Samfuri ɗaya yana iya fitowa da gilashi iri biyu, bod ɗinsu ya bambanta ko da sun yi kama a ido. Sabo da wuya ka samu, yawanci ciro ne. Mafi kyau shi ne wanda aka ciro daga talabijin da gilashinsa ya fashe yana cikin aiki. In da hali ka karɓi ukun tare, Y-sus da bafa biyu daga uwa ɗaya, ka ajiye tsohuwar bafarka ta ƙasa. Kuma kafin ka ɗora ka yi musu gwajin nan biyu da ka koya. In kuɗin ya kusa rabin na sabon talabijin, ka saurari Hajiya.

Uwargida:
Alhamdu lillahi, yau an ce a saurare ni.

Baban Yara:
Jama'a na dawo bayan kwana tara. Na samu ukun tare, kuɗin bai kai inda Baba ya ja layi ba, don haka Hajiya ki yi haƙuri. Na auna su lafiya, na ɗora. Hoto ya fito! Sai dai akwai baƙaƙen layuka sirara a kwance, kamar shida, a wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga sama. Na kashe nan da nan. Bafar ce mara kyau?

Tsohon Mai Gyara:
Ka kyauta da ka kashe. Kafin ka zargi bafa, zargi hannunka. Kebul ɗin da ke daidai wurin bai zauna ba. Cire filogi, sauke wuta, buɗe soket ɗin, ka duba ko ƙura ta shiga, ka mayar da shi a miƙe har 'yan kunnuwansa na gefe su faɗa gurbinsu, duka ɓangarorin daidai, sannan ka danne murfin. In ya karkace ko da kaurin farce ne, ƙafa na iya taɓa maƙwabciyarta, bafar da ka saya ta tafi. Ka kuma tabbatar kowane sukuru na Y-sus da bafa ya koma ya ɗauru, don a plasma sukurun ba riƙe bod kawai yake ba, hanyar wuta ce. Bayan haka ka sake auna Vs da Va ka gwada da takardar. In sun yi kusa da abin da ta ce, kada ka taɓa 'yan maɓallan juyawar nan na kan bod.

Baban Yara:
Kamar kana wurin. Na biyu daga sama kunnensa ɗaya a waje yake. Na gyara, layuka sun ɓace. Vs 205, Va 58. Na share ƙura, na rufe, awa uku kenan yana aiki. Abu ɗaya na lura, in fuskar ta yi fari ina hango inuwar tambarin tashar labarai a kusurwar dama. Da ma yana nan ko ni na jawo?

Ɗalibin Lantarki:
Da ma yana nan, yanzu ne kake kallon fuskar da idon mai gyara. In inuwa ce ta ɗan lokaci, ka bar shi a kan hoto mai motsi da ya cika fuska na wasu awanni, ko ka duba cikin menu, da yawansu suna da farin layi mai zagayawa don wannan. In ta kwana biyu ba ta gushe ba, hodar wurin ce ta tsufa fiye da sauran, kuma ba bod ɗin da zai gyara wannan. Ka rage haske, ka daina barin tasha ɗaya wuni guda.

Sarkin Sauri:
To madalla. Amma a rubuta cewa ni na fara cewa a canja Y-sus.

Mai Shakka:
An rubuta, a ƙarƙashin inda ka ce a ɗura gas.

Baƙon Zaure:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a ƙarshe. Baba, nawa inci 42 ne, yana aiki lafiya, amma akwai siririn jan layi guda ɗaya a tsaye daga sama har ƙasa. Shi ma kebul ne bai zauna ba?

Tsohon Mai Gyara:
Wa alaikumussalam. Layin tsaye ba ruwansa da Y-sus, na bod ɗin ƙasa ne. In faffaɗa ne kamar tafin hannu, akwai fata, sau da yawa kebul ne ko bod ɗin ƙasan ko mai ba da umarni. Amma siriri guda ɗaya mai launi, yawanci IC ɗin da ke manne a jikin kebul ɗin gilashin ne, ko layin cikin gilashin kansa, kuma wannan ba a gyara shi a gida. Ka buɗe sabon zare ka turo hoton fuskar a kan fari da kuma a kan baƙi, mu ga kaurinsa tukuna. Kada ka danna gilashin da yatsa kafin nan.